FICEWAR NIJAR DAGA ECOWAS: WA AKA SHAWARTA, WA KUMA KE BIYA?

(Matanin laccar da aka gabatar a garin Adabka, ƙaramar hukumar Bukkuyum, gaban 'yan uwa daga Anka, Gummi da kewaye)



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan wuri lafiya, a lokacin da fita daga gari zuwa gari ta zama abin da sai mutum ya yi wasiyya kafin ya kama hanya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya iyayenmu malamai, da dattawanmu, da 'yan uwa maza da mata, mas'alar da za mu tattauna a yau ita ce ficewar Jamhuriyar Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, daga ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda muke kira ECOWAS, 'yan uwanmu na can kuma suke kira CEDEAO. Mun san akwai mai cewa a ransa: mu da ke fama da ɓarayin daji, mu da ba mu iya zuwa gonakinmu sai an biya su kuɗi, ina ruwanmu da rigimar shugabanni a Abuja da Yamai? To lalle da ruwanmu. Wanda ya je sayen ragon layya a shekarar 2025 ya ji farashi ya dawo hannu rabbana, da ruwansa. Wanda ɗan uwansa ya gudu daga Zurmi ko Shinkafi ya sami mafaka a jihar Maraɗi, da ruwansa. Haka nan duk wanda ya san cewa bindigar da ake kashe mu da ita ba a Anka ake ƙera ta ba, ta wata hanya ta biyo kafin ta iso dajinmu.

Mu fara da jeranta abin da ya faru, domin da yawa daga cikinmu guntu-guntu suka ji shi a rediyo. Ran 26 ga Yulin 2023 sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdurrahman Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka, ran 30 ga wata, shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, wanda bai cika wata guda da zama shugaban ƙungiyar ba. Suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojoji kwana 7 su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. Ran 16 ga Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen da ake kira AES. Ran 28 ga Janairun 2024 suka shelanta ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta janye takunkumin ran 24 ga Fabrairu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da yake dokar ƙungiyar ta shar'anta jiran shekara guda, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar da take da ƙasashe 15 ta koma 12, kuma waɗanda suka fita su ne ke da fiye da rabin faɗin ƙasarta.

IYAKAR DA ZUMUNCI YA GIRME TA

Kafin mu yi hukunci a kan kowa, wajibi ne mu fahimci mene ne aka fita daga cikinsa. An kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo. A 1979 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ana ambaton wannan kamar wata kyauta ce da gwamnatoci suka yi wa talakawa. Haƙiƙa ba kyauta ba ce, ɗan wani yanki ne na haƙƙin da aka ƙwace aka dawo da shi.

Domin kuwa wannan iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500, wadda ta taɓa jihohi 7 tun daga Kebbi har Borno, ba kakanninmu suka shata ta ba. Ingila da Faransa suka shata ta a kan takarda, tun daga layin Sayi zuwa Barwa na 1890, suka yi ta gyara ta har 1906, suna duba inda rijiyoyi suke domin ayarin sojan Faransa ya sami ruwan sha tsakanin Kwara da Damagaram. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Nijar. Ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. Ya zo ƙasar Zamfara ya yi shekara kusan 5 yana karantarwa. Babu wanda ya tambaye shi takarda a hanya. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri dangin na wannan gefe ne, sarautu ɗaya, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Kanwa da dabino da bisashe suna gangarowa kudu, hatsi da tufafi da goro suna haurawa arewa, tun kafin a san akwai wani abu wai shi kwastan. Saboda haka duk lokacin da aka ce an rufe Illela da Konni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Kamba da Gaya, ko Maigatari, to ku sani gida ɗaya aka gitta wa katanga a tsakar gida.

LAIFIN MASU TAKUNKUMI

Ba mu goyon bayan ƙwace mulki da bakin bindiga, za mu kuma dawo kan wannan. Amma abin da ECOWAS ta yi a 2023 zalunci ne, ba mu da wata kalma da ta fi wannan dacewa da shi. Ka'ida ce sananniya a shari'a, kuma hankali ma ya yarda da ita, cewa ba a kama wani da laifin wani. Waɗanda suka yi juyin mulki hafsoshi ne 'yan ƙalilan. Da aka yanke wuta, su suna da janareta da man da za su zuba masa. Wanda ya kwana cikin duhu shi ne majinyaci a asibiti, da tela, da mai niƙa, da mai sayar da ƙanƙara. Manyan motoci ɗauke da abinci da magani suka yi layi a Malanbil ta ƙasar Benin wata da watanni. A namu gefen kuma, albasa ta ruɓe a cikin buhu, 'yan dako da direbobi da dillalan kara suka zauna ba aikin yi, kuma duk wannan ya zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin man fetur na ran 29 ga Mayun 2023, lokacin da talaka bai ma farfaɗo daga dukan farko ba.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba. Dattawan da ke nan sun tuna rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi a 1984, wanda ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan hana shigo da shinkafa. Shinkafar ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta sake, ta koma daji a kan babura, kuɗin da ake bayarwa a shingaye ya ƙaru. Mu dai ba mu ga rufe iyakar da ta taɓa hana mai ƙarfi wucewa ba.

Sannan akwai tambayar da matasan Yamai da Bamako suke yi, wadda har yau ba a ba su amsa mai gamsarwa ba. Ina ECOWAS take lokacin da Alpha Conde na Gini ya sauya tsarin mulki a 2020 domin ya zarce karo na uku? Ina take lokacin da Alassane Ouattara ya zarce karo na uku a Kodebuwa cikin wannan shekarar? Ƙungiyar da za ta yi shiru idan mai farar riga ya murɗe doka, ta zare takobi idan mai kaki ya yi, to ita da kanta ta koya wa mutane su ɗauke ta ƙungiyar kare kujerun shugabanni. Da kuma aka ga Faransa, wadda ta shekara fiye da 50 tana haƙar yuraniyom a Arlit alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba, ita ce a gaba wajen goyon bayan amfani da ƙarfi, sai zargin ya zauna daram a zukatan mutane.

Abin da ya hana yaƙi, bayan ikon Allah, shi ne mutanen Arewa sun ƙi. Wannan abu ne da ya kamata mu riƙe, domin yana nuna cewa muryar jama'a tana da nauyi tun kafin ranar zaɓe. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda ba, ran 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun je Yamai ran 3 ga wata ba su sami ganin Tiani ba. Malam Muhammadu Sanusi na II ya gan shi ran 9 ga wata. Ran 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, daga nan ƙofar magana ta buɗe. A masallatan Juma'a daga Sakkwato zuwa Maiduguri huɗuba ɗaya ake yi: ba za a tura ɗan Katsina ya harbi ɗan Maraɗi ba. 'Yan siyasa suka ƙirga ƙuri'un da ke cikin waɗannan sahu-sahu, suka ja da baya.

LAIFIN MASU FICEWA

To amma adalci bai yarda mu tsaya nan ba. Akwai 'yan uwa, musamman matasa, da suka ɗauki hafsoshin Sahel tamkar waɗanda ba sa kuskure, har a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 aka ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, abin da ya jawo aka kwashe da yawansu aka tsare wata uku, wasu suka faɗi a gaban kotu a Abuja saboda yunwa. Muna tambayar waɗannan 'yan uwa: korar sojan Faransa a Disambar 2023 da na Amurka a 2024 abu ne da za a fahimta, amma wanda ya kori baƙo ɗaya ya shimfiɗa wa wani baƙon tabarma, shin 'yanci ya samu ko ubangida ya sauya?

Babbar mas'alar ita ce ta shawara. An yanke hukuncin da ya shafi fatauci da tafiye-tafiye da zaman miliyoyin mutane, aka karanta shi a talabijin rana ɗaya. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, babu zaɓaɓɓiyar majalisar da ta tattauna shi. Gaskiya ne dubban mutane sun fito tituna sun yi murna, kuma ba mu ce murnar ta ƙarya ba ce, domin wanda aka kashe wa wuta wata da watanni yana da dalilin fushi. Sai dai taron gangami ba ya zama shawara, saboda mai goyon baya ne kawai ke iya fitowa. Mai shakka yana gida ya kama bakinsa. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Janar Tiani na shekara 5, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa duka. Mali ta rushe nata a watan Mayun wannan shekarar. A Yulin 2025 Bazoum ya cika shekara 2 a tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Idan gobe manomin Tawa ko Bafulatanin Dakoro ya ga ficewar nan ta cutar da shi, ta wace ƙofa zai faɗa, kuma wa zai iya saukewa?

Sannan ga abin da ya iso kasuwanninmu. A Oktobar 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, dab da babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Ta ce domin farashi ya sauka wa mutanenta, kuma kowace hukuma tana da haƙƙin duba maslahar talakawanta. Amma makiyayin da ya shekara yana kiwon rago domin kasuwar Illela ko Maigatari, inda ya saba samun farashi, shi aka karya. Mai layya a Gummi kuma ya biya tsada. Wato makamin da aka yi kuka da shi a 2023, shi aka ɗauka aka juya. A Maris ɗin 2025 ƙasashen AES suka sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Kaɗan ne a ido, amma alama ce ta inda aka dosa.

Mafi muni a gare mu shi ne sha'anin tsaro. Daji bai san iyaka ba. A Nuwambar 2024 rundunar sojan Nijeriya ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta ƙarfinsu da raunin sintirin haɗin gwiwa tun bayan juyin mulkin. A Disamba Janar Tiani ya yi hira da Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatin Nijeriya ta ƙaryata. A Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Mu da muka binne mutane kusan 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, mun san wanda ke cin riba idan maƙwabta biyu suka daina gaisawa.

ABIN DA YA FARU A INGILA

Wani zai ce, to da an yi ƙuri'a da komai ya gyaru. Mu duba ƙasar da ta yi. Ran 23 ga Yunin 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'a a kan ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. An shawarce su, amma an yi musu ƙarya kafin shawarar. An zagaya da wata jar bas an rubuta a jikinta cewa fam miliyan 350 ake aika wa Turai kowane mako, gara a zuba su a asibitoci, alhali hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce lissafin yaudara ne. An ce musu baƙi za su ragu. Bayan ficewar sai baƙi suka ƙaru fiye da da, cikinsu har da dubban 'yan Nijeriya da suka tafi aikin kula da tsofaffi. Gaba ta yi tsanani har aka kashe 'yar majalisa Jo Cox a kan titi mako guda kafin ƙuri'ar.

Abin da ya biyo baya fitina ce ta shekara 8. David Cameron ya sanar da murabus ɗinsa washegari. Theresa May ta kai yarjejeniyarta majalisa sau 3 ana kayar da ita, ta sauka a 2019. Boris Johnson ya fitar da ƙasar ran 31 ga Janairun 2020, 'yan jam'iyyarsa suka tilasta masa sauka a 2022. Liz Truss ko kwana 50 ba ta cika ba. Ku lura kuma da abin da ya fi ba su wuya: iyakar Ailan, inda mutane iri ɗaya suke zaune gefe biyu na layi, suna aure da ciniki tsakaninsu, kamar mu da Nijar. Ran 4 ga Yulin 2024 masu zaɓe suka yi wa jam'iyyar Conservative kayen da ba ta taɓa sha ba, daga kujeru 365 ta koma 121. Ba ficewar kaɗai ta jawo haka ba, akwai tsadar rayuwa da abin kunya iri-iri, amma ita ce tushen rikicin. Sun hukunta waɗanda suka kai su, sai dai hukuncin bai mayar da su cikin Tarayyar ba. Ƙuri'a tana sauke mutum, amma ba ta ɗinke abin da ya yage. Malaman usulu suna cewa mai fatawa ya duba inda hukunci zai kai mutane kafin ya furta shi, kuma kawar da ɓarna yana gaba da neman amfani. Masu takunkumi ba su yi wannan duba ba, masu ficewa ba su yi ba, Turawan da ake ce mana mu yi koyi da su ma ba su yi ba.

MU DA ƘURI'ARMU

Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin takunkumi ba. A Satumbar 2021 an kashe mana layukan waya, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, duk da sunan matse ɓarayi. Mun ga wanda ya matsu. Ba kuma sai an ba mu labarin fushin masu zaɓe ba. Ran 25 ga Fabrairun 2023 jihar nan ta ba Tinubu na APC rinjaye, bayan mako uku, ran 18 ga Maris, mutanen nan dai suka kayar da gwamna mai ci na APC, Bello Matawalle, da ƙuri'a 311,976, Dauda Lawal ya sami 377,726. Wannan ya nuna talakan Zamfara yana rarrabewa, ba tumaki ba ne. A watan Agustan wannan shekarar kuma aka naɗa wanda aka kayar ƙaramin ministan tsaro, wanda shi ma darasi ne game da iyakar abin da ƙuri'a ke iya yi.

Duk da haka muna da abin da ɗan uwanmu na Konni ba shi da shi, wato wanda zai zo ƙofar gidanmu yana roƙo. Masu neman kujerun 2027 za su zo da atamfa da taliya da sabulu. Kada mu bari su tafi ba mu tambaye su ba. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, da barin kayansu su wuce, har sai an yi wata sanarwa. Wannan lamuni ne, kuma abin da aka bayar da sanarwa ana iya janye shi da sanarwa. A tambayi mai neman sanata ko ɗan majalisar tarayya: me zai yi domin wannan lamuni ya zama rubutacciyar yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai? Ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025 an yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda take tun 1971, wato ta girmi ECOWAS ɗin kanta. Me ya biyo bayan wannan ziyara? Ina aka kwana game da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021? Shingaye nawa direba ke biya tsakanin Illela da Gummi, kuma wa ke karɓa? Idan aka sake kawo maganar rufe iyaka ko yanke wuta, zai miƙe a zauren majalisa ya ce a'a da sunansa, ko zai fita shan iska lokacin ƙuri'a?

Akwai misali da za a kafa musu. Muritaniya ta fice daga ECOWAS a shekarar 2000, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa ta ciniki da ƙungiyar, ba tare da ta koma mamba ba. Ashe ana iya raba kujera a taro ba a raba kasuwa ba. Malamanmu da sarakunanmu da suka buɗe ƙofar Yamai a Agustan 2023 suna da mutuncin da za su nemi irin wannan daga ɓangarorin biyu, kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi da na direbobi da ke cikin wannan taro su ne suka fi kowa sanin abin da ya kamata a rubuta a ciki. Muna roƙonsu su zauna bayan sallar la'asar su fara jeranta shi, tun daga kuɗin shinge har zuwa takardun bisashe.